Yadda Za Ki Ci Ribar Kulle Ko da Mijinki Ya Wanke Miki Tukunya

Malam, kai ka kashe tukunyar Inna. Kada ka laɓe bayan korona, kada ka laɓe bayan mai surutu a rediyo. Kai ne, da hannunka na dama, da soson ƙarfe, ranar wata Laraba tsakanin azahar da la'asar. Na faɗa maka a tsakar gida ka gyara zaman tabarau, na faɗa gaban Mai Unguwa aka yi mini dariya. To ga shi yau a takarda, kowa ya karanta.

Yauwa. Na sauke wannan. Yanzu ke 'yar'uwa, matso kusa.

Ni ce Ruƙayyatu mai waina, wadda ɗaliban Samaru ke kira Mama Masa. Shekara talatin da ɗaya ina suya a bakin titi, daura da ƙofar jami'a. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Malama Jemimah maƙwabciyata, wadda ta yi ritaya daga koyar da 'yan firamare, ita ke riƙe da biro, kuma na gaya mata ko tari na yi ta rubuta.

Tun da aka ɗage dokar kulle kowa ya zama gwanin faɗin alherin da ke cikinta. Wannan ya ce ya sauke Alƙur'ani sau uku, wancan ya ce ya koyi ɗinki, wata ta ce sai yanzu ta san halin 'ya'yanta. Na ce to ni ma bari in koyar, tunda da idona na gani. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ki tabbaci, in aka sake kulle gari, Allah ya kiyaye, za ki fito da ƙiba, da hutu, da miji mai iya juya waina ba ta fashe ba. Abu guda kawai za ki rasa. Za mu zo kansa.

Mataki na ɗaya: Ki koma barci bayan asuba

Ranar da aka sallami ɗalibai, Samaru ta zama kamar gidan biki washegarin kai amarya. Babban titin nan da sai kin yi addu'a kafin ki tsallaka, awaki ne suka kwanta a tsakiyarsa suna tuƙa. Har kukan kurciya ake ji.

Ki idar da sallarki, ki shafa addu'a, ki koma ki miƙe. Babu hura wuta, babu hayaƙi, babu ɗalibin da zai tsaya miki a ka yana cewa, "Mama, add one now, ai ni customer ɗinki ne." Sati biyu da fara hutun na duba tafin hannuna na ga ashe fari ne. Idona ya daina ruwa. Gwiwata da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure ta yi shiru. Masana sun ce, kuma masanan nan ni ce, mace ba ta sanin ta gaji sai ranar da ta zauna.

Mataki na biyu: Ki san abin da ba ya tafiya hutu

Kowace mace tana da abin da in ta juya masa baya kwana biyu zai mutu. Wata kaji, wata lambun alayyahu. Ni tukunya ce.

Ki saurara da kyau, don in ba ki gane wannan ba ke ma dariya za ki yi kamar Mai Unguwa. Tukunyar ƙasa ce, Inna mahaifiyata ta ɗauko ta a ka daga Giwa, da ƙullu a ciki, ta dire mini ita satin da na fara sana'a. Ƙullun nan bai taɓa ƙarewa ba. Kullum in na gama suya sai in bar ludayi guda a gindin tukunya, in zuba sabon niƙa a kai, in rufe. Tsohon ya tada sabo. Ba yis, ba hodar kanti. Haka Inna ta yi a tukunyar, haka tata uwar ta yi kafin ta. Wannan ɗan tsamin da ke tsayawa a ƙarshen harshe, wanda ya sa mutum ya gama jami'a ya yi shekara goma a Legas ya dawo ya faka mota yana neman Mama Masa, daga nan yake fitowa. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Bayanta ake wankewa.

To irin wannan tukunya ba ta san doka ba, kullum sai an ciyar da ita. Don haka ko da kasuwa ta tsaya, ki niƙa gwangwani biyu, ki soya kaɗan. Wa zai ci? Nan ribar take. Ki ɗaura igiya a ɗan bokiti, ki miƙa ta kan katanga. Bokitina yakan tafi gidan Malama Jemimah da waina ya dawo da mangwaro. Ya tafi gidan baya ya dawo da zogale. Akwai matar wani lakcara da muka yi shekara huɗu katanga ɗaya ban san sunanta ba, kulle ne ya sa na san tana da hannun miyar taushe. Duk unguwa muka yi ƙiba ba wanda ya taka ƙofar wani.

Mataki na uku: Ki ƙare wa mijinki kallo

Za ki gano akwai wani mutum da ke kwana a gidanki. Ki dube shi da kyau, naki ne.

Nawa ya yi shekara talatin yana wankin kwalabe a ɗakin gwaji na jami'a, inda suke ce wa lab. Da ya yi ritaya bai dawo gida ba, ya koma majalisar gindin bishiya ne. Daga masallaci sai majalisa, daga majalisa sai kwanon tuwo. Kulle ya rufe duka biyun, sai ga Malam a tsakar gida da rana tsaka, hannu a baya, yana zagayawa kamar baƙon da ya zo duba gidan haya.

"Ruƙayya, ina gwandar da ke nan?"

"An sare ta shekara shida, Malam."

"Ikon Allah. Ba wanda ya gaya mini."

"Kai ka kira mai gatari."

Akwai daɗi a ciki, ban ɓoye ba. Shi ke jan mu salla, sai dai dogayen surori yake ɗaukowa kamar ana ba shi maki. Muka yi hira irin wadda rabonmu da ita tun kafin a haifi autarmu. Har ya tuna kalar zanen da na ɗaura ranar da ya fara ganina. Ya yi kuskuren kalar, amma na bar shi.

Mataki na huɗu: Ki cire batirin rediyo ki ɓoye a cikin garin tuwo

Wannan matakin ni ban bi ba, shi ya sa nake koyar da shi da ƙarfi.

Kullum da hantsi akwai wani mai zaƙin murya da ke fitowa a rediyo yana lissafa alherin zaman gida. Ran nan ya ce, "Magidanta, wannan dama ce ku taya iyali aiki. Kuma ku wanke komai, ku kashe ƙwayoyin cuta." Na ga idon Malam ya kawo haske. Mutumin da ya yi shekara talatin yana yaƙi da ƙwayoyi aka yi masa ritaya, ga shi an sake kiransa fagen fama.

Ya fara da wanke-wanke. 'Yar'uwa, kada ki hana. Ki jawo tabarma ki miƙe ƙafa ki kalli namiji ɗan shekara sittin da bakwai yana ɗaga kofi sama yana duba shi a hasken rana. Namiji in ya gano wanke-wanke da tsufansa, ji yake shi ya ƙirƙiro shi. Zai riƙa kiranki ki zo ki ga yadda ake yi. Ki je, ki ce ma sha Allah, ki koma tabarmarki.

Daga kwanuka ya koma mariƙin ƙofa. Daga nan makullai, buta, carbi, igiyar akuya. Ya ajiye bokiti mai famfo a ƙofar ɗakina, sai na wanke hannu kafin in shiga inda nake kwana. Da idona na ga ya shafa wa goro sanitaiza.

Sai wata safiya na same shi tsugune gaban tukunyar, ya ɗaga faifan da ke rufe da ita, yana leƙawa.

"Ruƙayya, rabon tukunyar nan da sabulu yaushe?"

"Ba su taɓa haɗuwa ba."

"Inna lillahi! Kin san abin da ke kumfar nan a ciki? Ƙwayoyi ne. Miliyoyi. Da a lab ne, da safar hannu za a ɗauke ta."

"Ƙwayoyin nan su suka ɗinka maka rigar da ke jikinka. Mayar da faifan."

"Ni fa ilimi nake gaya miki."

"Ni kuma kashedi nake yi maka. Ka wanke gidan nan har rufi, ka wanke akuya in ta yarda. Tukunyar nan da tandar can, ko inuwarka kada ta faɗa musu."

Ya ce to. Ki riƙe wannan a ranki: "to" ɗin mai ilimi ba amincewa ba ce, jiran ki fita yake.

Mataki na biyar: Ranar da aka buɗe gari, kada ki bar mai soso shi kaɗai a gida

Akan sassauta dokar kwana ɗaya ko biyu a fita neman abinci. Ki fita, akwai riba. Takunkumin fuska ni'ima ne ga mace mai shekaru: za ki wuce wadda ba ki son gaisawa da ita ta ɗauka ba ke ba ce, za ki murguɗa wa mai tsadar kaya baki yana ce miki "Allah ya saka, Hajiya."

Shinkafata ta ƙare, na tafi saye. Layi ya yi tsawo, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, ban dawo ba sai da la'asar ta kusa. Tun daga zaure hancina ya gaya mini an yi ɓarna. Gidan na warin asibiti, warin ruwan nan da ake cire tabo da shi a farin kaya.

Tukunyar Inna tana kife a tsakar gida, a rana, ja wur kamar yau aka gasa ta. Kusa da ita tandata, wadda mai da wuta suka yi shekara talatin suna yi mata baƙar riga har waina ke sulɓewa a kanta da kanta, an kankare ta tana ƙyalli. Malam na tsaye a kansu, hannun riga a naɗe, yana haki, fuskar nan fal murna kamar wanda ya dawo daga Hajji.

"Awa uku na yi a kanta," in ji shi. "Dattin ya kai kaurin ɗan yatsa. Ba sai kin gode ba."

"Ina ƙullun?"

"Wane? Wannan mai tsamin? Na tuttular a kwata, na bi shi da tafasasshen ruwa, kada ya cutar da kajin maƙwabta."

Buhun shinkafar ya sauka daga kaina ban san na sake shi ba. Na je bakin kwata na tsuguna. Babu komai, sai kumfar sabulu.

Malama Jemimah ta ce in faɗi abin da na ce da shi. Ba zan faɗa ba, jikokina sun iya karatu.

Mataki na shida: Ki gwada, don kada a ce ba ki gwada ba

Na niƙa sabo na zuba a tukunyar, na rufe. Washegari ƙullu na kwance kamar ruwan wanki. Na sayo yis na kanti na zuba. Ya tashi har ya yi ambaliya, na soya, ta manne wa tanda sai da na yi ta haƙa da cokali. Wadda ta fita da rai na kai baki: burodi. Burodi mai siffar waina.

Na saka shida a bokiti na miƙa wa Malama Jemimah. Bokitin ya dawo da huɗu, da muryarta ta kan katanga: "Yaya, lafiya kuwa? Wa ya rasu?"

Inna ta yi shekara ashirin da biyu a ƙasa. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar zinari ba. Amma kullum da safe in na ɗaga faifan nan, ƙamshin ɗakinta ne ke bugo ni, har nakan ce "Ina kwana, Inna" ba tare da na shirya faɗa ba. Ranar na ɗaga, na ji warin asibiti.

To, ki share fuska. Darasi muke yi.

Mataki na bakwai: Ki tafi Sabon Gari

Ki zauna ki tuna duk wadda kika taɓa ɗibar wa. Ni na tuna Scholastica, wata 'yar Ibo haifaffiyar Sabon Gari da ta yi wata shida a gefen murhuna tana koyon suya, shekara goma sha tara da suka wuce. Ranar da ta gama, da hannuna na cika mata kwano daga tukunyar Inna na ce ta je ta kafa tata. In tana ciyar da shi, jinin tukunyar na nan da rai a wajenta.

Ranar buɗe gari ta gaba na ɗauki kwano mai murfi na hau Keke mai ƙafa uku. Ga wata ribar: mutum biyu kacal a baya. Tun da aka kawo Keke garin nan ban taɓa zama a ciki da duka jikina ba sai ranar. Har na ga gine-ginen da ke Kwangila, alhali a da gwiwar hannun mutane kawai nake gani.

Na same ta a ƙofar gidanta, ta yi jiki, ta yi jikoki. Ta taso da gudu za ta rungume ni, ta tuna, muka tsaya muna karo da gwiwar hannu kamar zakaru.

"Mama! Uwar ɗakina! Wace iska, cikin korona?"

Na miƙa mata kwanon. "Ɗiyata, ƙullun da na ba ki. Ludayi ɗaya nake so."

Ta dubi kwano, ta dubi ƙasa, ta soma gyara ɗaurin ɗankwali wanda ba abin da ya same shi.

"Mama, abeg, kada ki yi fushi. Shekara takwas ke nan. Na tafi ƙauye jana'izar babana, na yi sati uku, na dawo ya yi baƙi. Tun daga nan yis nake sa wa. Kunya ta hana ni zuwa in gaya miki."

"Shekara takwas kina sayar wa mutane burodi?"

"'Yan Sabon Gari ba su sani ba, Mama. In dai da yaji, ci suke."

Na ba ta labarin Malam da sosonsa. Ta dafe kai, ta ce "Chineke," sannan dariya ta ƙwace mata, ta zauna a dakali tana bugun cinya. Na yi niyyar in ji haushi, sai na ji nawa cikin yana rawa. Muka yi ta yi har hawaye, nata na dariya, nawa ban tantance ba. Ta cika mini kwanon da farfesun kifi. Kin ga, ba a dawowa daga Sabon Gari da kwano wayam. Sai dai ba abin da kika je nema ba.

Mataki na takwas: Ki kai ƙara

Mai Unguwa ya saurare mu a ƙofar gidansa, shi a kujera, mu a tabarma can nesa, sai da ɗaga murya. Wato duk layin sun ji.

"Iya, tukunyar ta fashe ne?"

"Ba ta fashe ba, ranka ya daɗe."

"Ya sayar?"

"A'a."

"To me ya yi mata?"

"Ya wanke ta."

Ya ja takunkuminsa sama har ido, amma kafaɗunsa sun tona shi. "Iya, shekarata goma sha bakwai a kan kujerar nan. Matan da suka kawo mini ƙarar miji bai taɓa ɗauraye ko cokali ba sun fi ɗari. Ke ce ta farko da ta kawo ƙarar ya wanke. Malam, me ka ce?"

Malam ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, tsaftacewa na yi, bisa ƙa'ida."

Hukunci: mu je mu yi haƙuri da juna. Daga bayan wata katanga wata mata ta ɗaga murya ta ce in na gaji da shi in aiko mata, tana da tukwane. Ribar wannan matakin ita ce za ki san babu kotun da ta san darajar abinki, sai ki daina ɓata takalmi.

Mataki na tara: Ki mayar da mai laifi ma'aikaci

Da muka dawo na dire masa tukunyar a gabansa. Na ce, "Kai ka san ƙwayoyi. Tunda ka kore su, sai ka kirawo su."

Na faɗa ne don in ƙona masa rai. Ashe aiki na ba shi. Washegari ya jera kwalabe bakwai a inuwa, kowace da takarda manne a jiki. Wannan da nono, wannan da ruwan tsamiya, wannan da gasarar koko, wannan ban san me ya zuba ba, akuya ma ta ƙi shinshinawa. Ya samo littafi yana rubutu. Ya lulluɓe su da tsohuwar babbar rigarsa kada su ji sanyi. Mutumin da ya shafa wa goro sanitaiza, sai ga shi yana hana ni wucewa kusa da kwalabe da sabulu a hannu.

"A hankali, Ruƙayya, za ki firgita su."

Duk abin da ya haɗa shi ke soyawa, don na rantse ba zan sa hannu ba. Ya ƙona yatsu, ya ƙona gemu kaɗan, ya sha hayaƙi har ya yi hawaye. Tandar da ya kankare, shi ya zauna yana shafa mata mai yana gasawa, yana shafawa yana gasawa, har ta fara mayar da baƙinta. Muka ci wainar da ta yi tauri, muka ci wadda ta yi ɗaci, muka ci wata da Malama Jemimah ta ce ta tuna mata da alli. Ni kuwa ina tabarma ina gyara masa: "Ka cika wuta. Ba haka ake juyawa ba, daga gefe ake shiga." 'Yar'uwa, in akwai abin da ya fi wannan daɗi a zaman aure, ni ban same shi ba.

A gwaji na ashirin da uku, ƙullu ya tashi da kansa. Malam ya yi kabbara, ya zagaya tsakar gida da ludayi a sama, hula ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya juye a tukunyar, ya ciyar da ita kwana bakwai, ya soya. Ta yi laushi, ta yi ido, ta sulɓe daga tanda. Ya sa a bokiti ya miƙa da kansa.

Muka jira. Sai muryar Malama Jemimah: "Baba, wannan waina ce. Ta yi daɗi ƙwarai." Sai ta ƙara: "Amma ba ita ba ce."

Ni ma na ci. Guda biyar na ci, ba zan yi ƙarya ba. Waina ce mai kyau, ta wani gida.

Na ce, "Malam, ka ji. Yanzu ka faɗa."

"In faɗi me?"

"Ka ce abin da ke cikin tukunyar nan rai gare shi, kuma kai ka kashe."

Ya cire tabarau ya goge. "An samu wuce gona da iri wajen tsafta."

"Wa ya samu?"

"Yanayi ne na annoba, Ruƙayya. Duniya gaba ɗaya..."

"Duniya ce ta riƙe soson?"

Ya tashi wai zai duba wuta. Mutumin nan ya ɗebo mini ruwa, ya faskara itace, ya sayo mini sabon zane ba salla ba biki. Komai zai yi, ban da furta kalma huɗu: "Ni na kashe ta."

Mataki na goma: Ki ƙirga ribarki

Na huta. Na yi ƙiba har zobena ya ƙi fita. Na san maƙwabtana, na ga Scholastica, na zauna a Keke kamar matar gwamna. Ina da miji da ya san inda ake ajiye ludayi, wanda ke tashi ya ciyar da tukunya ba a tashe shi ba, yana yi mata magana a hankali in ya ɗauka ba na ji. Matan layinmu sun ce in rufe baki in gode wa Allah. Na gode masa, ina kan gode masa. Godiya daban, shari'a daban.

Sanarwa: duk wadda ta bi matakan nan mijinta ya kankare mata turmi, ko ya tafasa mata daddawa don kashe wari, ko ya wanke mata ƙwaryar nono da ruwan asibiti, kada ta doso ƙofata. Ni ban aike ta ba. Malama Jemimah ma ta ce in ƙara da cewa biro kawai ta riƙe.

Saura kai, Malam. An ce ɗalibai za su dawo ranar Litinin ta sama. Zan fita da tandata, zan hura wuta a inda na saba. Za su zo. Akwai Dakta Tomiwa, wadda ta fara cin wainata tana 'yar shekarar farko da jakar goyo, yanzu ita ke koyarwa, tana kawo 'ya'yanta ranar Asabar. Za ta gutsura, za ta tauna, za ta tsaya. Za ta dube ni ta ce, "Mama, me ya sami masar nan?"

Ba ni zan amsa ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sunkuyar da kai gaban mai saye ba, ba kuma zan fara a kan aikin hannun wani ba. Na sa kafinta ya yi benci, zan ajiye shi dama da murhu, inda hayaƙi ke bi. Nan za ka zauna tun daga wainar farko har ta ƙarshe. Duk wanda ya tambaya, da ludayi zan nuna ka. Ka miƙe tsaye, ka bar maganar annoba da ƙa'ida a gida, ka gaya musu da Hausa, ka gaya musu da Turancin naka, abin da ka yi wa tukunyar Inna.

Ƙarfe shida na safe, Malam. Ka zo da bakinka.